Kafin Ka Taka Kwale-kwale: Jagora Ga Fasinja Da Mai Jan Tawaga

Ranar Laraba, 26 ga Mayun 2021, wani jirgin katako ya taso daga Lokon Minna a jihar Neja, ya nufi Wara da ke ƙaramar hukumar Ngaski a jihar Kebbi. Mutanen da ke ciki sun haura 150, ga babura, ga buhunan ƙasa da aka ɗebo daga wurin haƙar zinare. A tsakiyar ruwa jirgin ya dare. Waɗanda aka tsamo da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba.

Wata shida bayan haka, ranar 30 ga Nuwamba, kwale-kwale ya kife a ruwan Bagwai ta jihar Kano da ɗaliban Islamiyya da suka taso daga Badau za su Mauludi, aka rasa aƙalla mutum 29, akasarinsu yara. A Yunin 2023, 'yan biki fiye da 100 suka halaka a yankin Patigi na jihar Kwara suna dawowa cikin dare. Ranar 1 ga Oktoban 2024 kuma sai ga na Gbajibo a ƙaramar hukumar Mokwa, jirgi ɗauke da mutum wajen 300, mata da yara sun fi yawa, su ma tafiyar Mauludi, su ma da dare.

Wanda ya jera waɗannan labarai zai ga kamar labari guda ake ta maimaitawa, sunan gari kawai ke sauyawa. Ranar kasuwa ce ko ranar taro, jama'a sun yi yawa, jirgi ya yi kaɗan, kowa na sauri, rana ta yi yamma, babu mai rigar ruwa, wato rigar da ke hana nutsewa. Duk waɗannan a tudu ake ganinsu, tun ƙafarka na kan busasshiyar ƙasa. Shi ya sa rabin wannan jagora a bakin gaɓa zai ƙare.

Na san za a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne. Amma wanda ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, cewa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali.

Mataki na farko: lissafin dawowa

Yawancin mutane tafiya suke tsarawa, ba sa tsara dawowa. Da safe akan haye a rarrabe, wannan ya tafi da hantsi, wancan da walaha. Da kasuwa ta watse ko aka shafa fatiha, sai kowa ya taru a gaɓa lokaci guda, kuma kowa da ƙarin kaya. Jirgin ƙarshe shi ne mafi haɗari, domin babu wanda ke son a bar shi, mai fito kuma ba ya son ya yi sawu biyu ya ƙona man da zai iya ajiyewa.

Don haka ka yanke lokacin tashi tun kafin ka bar gida, ka sa shi da la'asar sakaliya, yadda za ka sauka da sauran rana. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta cikin gida, NIWA, mai hedkwata a Lokoja, ta haramta zirga-zirgar jiragen fasinja da dare, kuma dalilin a fili yake: matuƙi ba ya ganin kututture, na gaɓa ba sa ganin jirgi ya kife, masu ceto ba sa ganin kan mutum a ruwa. In dare ya riske ka, kwana. Kunyar roƙon masauki ta dare ɗaya ce.

Ka dubi gabas kafin ka shiga. In hadari ya haɗo, ko iska ta fara kaɗa ruwa har yana farin kumfa, a dakata. A faffaɗan ruwa irin tafkin Kainji iskar da ke gaban ruwan sama takan tayar da igiya cikin 'yan mintuna, kuma babu wurin fakewa.

Mataki na biyu: karanta jirgin

Kada ka yi tsalle ka faɗa don ka kama wuri. Tsaya ka leƙa cikinsa. Kusan kowane jirgin katako na ɗan tsatsar ruwa, wannan ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro shi ne ka ga yaron jirgi yana ta kwarfa ba hutu alhali ba a ma tashi ba. Dubi haɗin katakai da wuraren da aka yi faci da kwalta ko langa-langa. Taɓa katakon gefe: in farce na shiga, ya ruɓe. Jirgin Wara ba kifewa kawai ya yi ba, tsufa da nauyi suka haɗu suka raba shi.

Sai inji. In sai an ja igiya sau goma kafin ya kama, yana tari yana mutuwa, ka tambayi kanka abin da zai faru in ya mutu a tsakiyar kogi. Jirgin da injinsa ya mutu ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ruwa zai juya shi ya ba igiya gefensa, ko ya kai shi ya maka da ƙafar gada, kamar yadda ya faru a Ogbaru ta jihar Anambra lokacin ambaliyar 2022. Saboda haka ka tabbata akwai filafili da gorar tuƙi, da abin kwarfar ruwa fiye da ɗaya, da doguwar igiya.

Matuƙin ma a dube shi. Ɗan gari ne da ya san hanyar, ko yaro ne aka bar wa jirgi don maigida ya tafi cin abinci? Idanunsa fa? Sanin hanya ba ƙaramin abu ba ne a ruwan dam. Lokacin da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye tsohon garin Bussa da ƙauyuka da dazuzzuka, kuma itatuwan nan da yawa suna nan tsaye a ƙarƙashi har yau. Ruwan yana hawa yana sauka da lokutan shekara, ta yadda inda aka wuce lafiya watan jiya yau kan kututture na jira taƙi ɗaya ƙasa da fuskar ruwa. Sarkawa da tsofaffin masunta sun san waɗannan wurare kamar tafin hannunsu. Baƙon matuƙi bai sani ba.

Mataki na uku: lodi

A nan zan daɗe, domin a nan mutane suka fi yaudarar kansu.

Fasinja kawuna yake ƙirgawa, ruwa kuwa nauyi ya sani. Buhun masara ko shanshera mai kilo 100 ya fi babban mutum nauyi. Babur ɗaya ya haura kilo 100. Jirgin da ke ɗaukar mutum hamsin, in aka zuba masa buhu ashirin da babura biyar, to ya riga ya cika kafin rabin mutanen su shiga. Ma'aunin gaskiya shi ne tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da fuskar ruwa. Ga yadda nake yi, kuma wannan dabarata ce, ba doka ba: a babban jirgi mai inji, in na zauna a gefe na saki hannu yatsuna suka taɓa ruwa ba tare da na sunkuya ba, sauka nake yi. A ƙaramin kwale-kwale, in tazarar ba ta haura taƙi guda ba, ko motsin mutum ɗaya ya isa ya ɗebo ruwa.

Bayan yawan nauyi akwai inda aka ɗora shi. Kaya masu nauyi ƙasa suke zama, a tsakiya, a ɗaure. Da zarar an tara buhuna sun yi tsiri, mutane suka hau kansu suka zauna, nauyin ya koma sama, jirgin ya zama kamar tulu a kan gammon da bai zauna ba. Dabbobi kuma kaya ne masu motsi: saniyar da ta firgita ta yi gefe ɗaya ta isa ta kifar da jirgi, don haka ba na son haɗa fito da shanu.

Akwai wani abu da ba kowa ke lura da shi ba, wato ruwan da ya taru a cikin jirgin. Kowace lita kilo guda ce, wannan ɗaya ke nan. Na biyu, wanda ya fi muni, ruwan nan yawo yake yi. Jirgi ya ɗan karkata dama, sai duk ruwan ya kwararo dama ya ƙara danne shi. Ɗauki faranti mai faɗi cike da ruwa ka yi tafiya da shi, za ka gane. Kwarfa kenan ba aikin yaron jirgi kaɗai ba ne. In ruwa ya fara rufe idon sawu, duk wanda ke kusa da kwano ya ɗauka.

To in ka ga lodin ya wuce kima fa? Yi magana tun ana gaɓa, da ladabi: "Direba, don Allah a rage, a yi sawu biyu." Za a yi maka caa. Wani zai ce kai ne matsoraci, wata ta ce, "Malam, in ba ka tafiya ka ba mu wuri." Ba su wurin. Na taɓa sauka daga wani jirgi a kan haka, na yi asarar kuɗin fito, jirgin kuma ya haye lafiya ƙalau, aka yi ta yi mini dariya daga tsallake. Har yau ban yi nadama ba, don hayewarsa ba ta nuna lodin daidai ne ba. Abin da na lura shi ne, in mutum uku ko huɗu suka miƙe tare, musamman in da dattijo a ciki, mai jirgi kan saurara. Inda akwai jami'an ruwa ko wakilin Sarkin Ruwa a tashar, a kai musu magana.

Mataki na huɗu: rigar ruwa

Hukumomi irin su NIWA da HYPPADEC, mai kula da raya yankunan da ake samar da wutar lantarki daga ruwa, sun sha raba rigunan ruwa a garuruwan bakin kogi, sai ka tarar an jibge su a gaban jirgi ko an mayar da su matashin zama. Wasu na cewa zafi, wasu datti, wasu kuma na ganin sa ta kamar kiran mugun abu ne. Gwanayen iyo su ne suka fi raina ta. Amma gwanin iyo bai saba iyo da mutum huɗu riƙe da wuyansa ba, ko bayan katako ya buge shi a ka.

Sa ta kafin ka shiga jirgi. Ɗaure kowane maɗauri, ka ja ya kama jiki. Gwaji: sa wani ya kama kafaɗun rigar ya ja sama. In ta haura kunnuwanka ta yi sako-sako, kuma a ruwa za ta zame ta bar ka. Matsa soson cikinta, in ya mutu ya lafe ko ɗinkin ya farke, nemi wata. Rigar babba ba ta yi wa yaro, zamewa yake ta ƙasa. Wanda ke fito kowane mako, ya sayi tasa ya huta.

Malam mai babbar riga, cire ta ka naɗe. Hajiya, rigar ruwa a ƙarƙashin dogon hijabi ake sa ta ko a tattare hijabin, kada ya zama abin da zai naɗe hannu da fuska. Zani a sassauta shi yadda ƙafa za ta iya motsi. Mai goyo kuma ta kwance goyon ta rungume shi a gaba, domin in aka faɗa ruwa tana ƙoƙarin ɗaga nata kan, na bayan yana ciki, ba ta ganinsa.

In babu riga sam, jarka ta fi babu. Jarka mai lita 20, babu komai a ciki, murfi a ɗaure tam, tana iya riƙe kan babban mutum a saman ruwa muddin yana rungume da ita. Masuntan Argungu da gora suke yawo a ruwa tun kaka da kakanni, hikimar ɗaya ce. Aibinta shi ne sai kana cikin hayyacinka kuma hannunka bai gaji ba. Ɗaura mata igiya mai madauki da za ka zura hannu, amma kada ka ɗaure ta da jikin jirgi.

Ga mai jan tawaga

Malamin Islamiyya, uwar biki, shugaban 'yan kasuwa: wannan naku ne. Rubuta sunan duk wanda zai shiga kowane jirgi, ka bar kwafi a hannun wani a gaɓa. Bayan haɗarurruka da dama an kwana ana gardamar mutum nawa ne a ciki, masu nutso ba su san ko su ci gaba da nema ko su tsaya ba. Yi ciniki da mai jirgi a kan sawu, ba a kan kai ba, don kada ya ga riba a cusa mutane. Kada a zuba yara zalla a jirgi guda. Kowane babba a ba shi yara biyu ko uku da ya san sunansu, su zauna kusa da shi. 'Yan gida ɗaya kuma a raba su jirgi biyu. Maganar ba ta da daɗin ji, amma akwai gidajen da aka rufe gaba ɗaya a yini guda.

Mataki na biyar: a kan ruwa

Zauna ƙasa, ka zauna inda aka sa ka. Ba a miƙewa, ba a sauya wuri, ba a zama a kan baki. In wani abu ya ja hankali a gefe ɗaya, dorina ce ko wani jirgi, kada kowa ya karkata can. A wuraren da ke da dorina, kamar yankin Yawuri da Ayorou a Nijar, matuƙi ya ba su tazara mai yawa, musamman mai ɗa. Wajen sauka ma a bi a hankali ɗaya bayan ɗaya, don jirage da dama a bakin gaɓa suke kifewa lokacin da kowa ya miƙe tare, kuma gaɓar da ruwa ya zaizaye tana iya zama zurfin da ya shanye mutum taku biyu daga tudu.

Jarkokin fetur a rufe su, a nesanta su da mai shan sigari da mai kurfoti. Tururin fetur ya fi iska nauyi, kwanciya yake yi a ƙasan jirgi yana jiran ƙyastu. Ba a zuba mai inji na aiki.

Masu yawon shaƙatawa da Sallah, a Tiga ne ko tafkin Jabi na Abuja, nasu haɗarin daban ne: gudu, juyi mai kaifi don a burge 'yan mata, da miƙewa ɗaukar hoto. Matuƙin jirgi mai gudu ya ɗaura igiyar kashe inji a hannunsa, yadda in ya faɗa ruwa injin zai mutu, maimakon jirgin ya yi ta zagaye farfela na saran mutane. Kuma ba a kusantar wanda ke cikin ruwa ta bayan jirgi sai an kashe inji.

Mataki na shida: in jirgi ya kife

Daƙiƙun farko su ne na ruɗewa. Rufe baki, ka fita daga ƙarƙashin jirgi da cunkoson mutane. Saki kaya, ko kuɗin kasuwa ne. In ba ka da riga, kwanta rigingine, kai baya, kunnuwa cikin ruwa, hannuwa a buɗe, ka yi numfashi a hankali har ƙirjinka ya lafa. Ɗaga hannu sama da ihu ba ƙaƙƙautawa nutsar da mutum suke yi.

Jirgin katako sau da yawa ba ya nutsewa duka, yakan yi yawo a kife. In haka ne, kama shi ka zauna tare da shi, domin masu ceto jirgi suke hangowa kafin su hango kai. Gaɓa kullum ta fi yadda ido ke gani nisa. In dole ka yi iyo, kada ka yi gaba da ƙarfin ruwa, bi shi kana karkata zuwa gaɓa ko da zai kai ka nesa da inda ka nufa. Guji tarin kainuwa da rassan itacen da ya faɗi, ruwa na bi ta cikinsu ya manne mutum. In wani ya cakume ka yana danna ka, nutsa ƙasa. Mai neman iska ba ya bin ka can, zai sake ka, sai ka ɓullo ta bayansa.

Mataki na bakwai: ceto

Mai nutsewa ba kasafai yake ihu ba. Za ka ga kai na ɓullowa yana komawa, baki daidai ruwa, shiru. Ka fara da miƙa masa gora ko zani, kana kwance a ƙasa don kada ya jawo ka. In ya yi nisa, jefa jarka ko igiya. In da kwale-kwale, je da shi, ka ɗauko mutum ta gaba ko ta baya, ba ta gefe ba. Shiga ruwa da kanka shi ne na ƙarshe, kuma da abin da ke yawo a hannunka. Wani ya buga 112 ya kuma aika a kira masunta, wani ya tsaya yana nuna daidai inda aka ga mutum na ƙarshe, kada ya ɗauke ido.

Da an fito da shi, bar al'adar nan ta danna ciki ko zazzage mutum kai ƙasa wai ruwa ya fita. Ba ruwan ciki ke kashe shi ba, rashin iska ne, kuma ƙwaƙwalwa na fara lalacewa cikin 'yan mintuna. Danna ciki amai kawai yake jawowa ya toshe maƙogwaro.

Kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri. Ɗaga haɓarsa, ka kara kunne a bakinsa kana kallon ƙirji na daƙiƙa goma. In yana numfashi, juya shi ya kwanta a gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi. In ba ya yi, toshe hancinsa, ka haɗa bakinka da nasa ka hura sau biyar, kowane ka ga ƙirji ya taso. Sannan ɗora tushen tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a kai, ka danna da ƙarfi sau 30, zurfin kamar santimita 5, saurin kamar sau biyu a daƙiƙa. Hura biyu, danna 30, haka za a yi ta yi. Yaro hannu ɗaya, jariri manyan yatsun hannu biyu, shi kuma bakinka zai rufe hancinsa da bakinsa tare. In ya yi amai, juya shi gefe, share, a ci gaba. In ka gaji wani ya karɓa. Mace ce aka tsamo kuma babu macen da ta iya a wurin, namiji ya yi, larura ce. Kada a yi saurin lulluɓe mutum da zani ana salati alhali ba a gwada ba.

Wanda ya farfaɗo, ko ya miƙe yana cewa lafiyarsa lau, a kai shi asibiti. Ruwan da ya shiga huhu kan iya tayar da numfashi bayan wasu sa'o'i, musamman ga yara. Tari mai naci, haki, kumfa a baki, leɓe ya sauya launi ko barci mai nauyi da ba a saba gani ba, kowanne daga ciki ya isa a nemi mota a daren, kada a bari sai gari ya waye.